Dogon Ƙarfe ya ƙi fitowa a taswira: sai na sayi wata manhajar?

Wani ɗalibin ajin ƙarshe ya rubuto daga Unguwar Rogo: "Malam, ina haɗa taswirar unguwannin Jos da QGIS don aikin kammala karatu. Komai ya zauna daidai, sai Dogon Ƙarfe: maimakon Ƙ, wani ɗan akwati nake gani. Abokina ya ce halin kayan kyauta ke nan, in nemi kuɗi in sayi ArcGIS Pro. In saya?"

Ɗana, mayar da kuɗinka aljihu. ArcGIS Pro manhaja ce mai kyau, kamfanin Esri na Amurka ke yin ta, kuma lasisinta na shekara-shekara ne. Amma ko ka saye ta yau, akwatin nan zai iya bin ka can, don ba daga QGIS, manhajar taswira ta kyauta da kake amfani da ita, ciwon yake ba.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode kowane harafi da tasa: Ƙ ita ce 408, ƙ 409, Ɗ 394, ɗ 599, Ɓ 385, ɓ 595. In ka shiga wurin da ake rubuta ƙa'idar lakabi (rubutun da ke fitowa a kan taswira) a QGIS ka sa char(408), Ƙ za ta ba ka. Misali, in sunan yana cikin tebur babu ƙugiya, a ginshiƙin da ka kira "suna", kana iya rubuta replace("suna", 'Karfe', char(408) || 'arfe'). Masu ArcGIS Pro kuma chr(408) suke sawa in da Python suke rubutawa.

To amma kafin ka taɓa lamba, dubi irin ɓarnar da ke gabanka, domin kowace da maganinta. Akwati irin naka yana nufin harafin yana nan lafiya, salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da hotonsa. Sauko da Noto Sans ko Charis SIL ko Andika, duka kyauta ne kuma suna da haruffanmu masu ƙugiya, ka canza, shi ke nan. In kuwa ka ga wani shirme kamar "Æ˜arfe", fayil ɗin da UTF-8, tsarin ajiye haruffan Unicode, aka ajiye shi, manhajar ce ke karanta shi da wani tsarin. Gyara wannan a saitin shimfiɗar (layer), sunan zai dawo. Wadda ta fi muni ita ce alamar tambaya. Sau da yawa tana nufin harafin ya mutu tun lokacin ajiya, sai an sake rubuta shi. Na taɓa karɓar shapefile, wani nau'in fayil ɗin taswira, na ƙauyuka daga wani ofis, duk sunan da ke da ɗ ko ƙ ya koma "?". Kwana biyu na yi ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina buga waya ina tambayar 'yan garin yadda ake faɗa. Tun daga ranar na koma ajiya a GeoPackage, wani nau'in fayil da ke ajiye rubutu da Unicode.

Ra'ayina dai, sunan gari a tebur ake gyara shi, ba a lakabi ba. Dabarar replace faci ce. Ranar da ka miƙa wa wani fayil ɗin, Karfe zai gani. Windows na da kibod na Hausa a saitin harshe, akwai kuma manhajar kibod ta Keyman, ba ko sisi. Kada wani ya ce maka ƙugiya ado ce: mai zana ƙasa da ya yar da ita, kasa ya zana, kuma kowa ya san kasa maciji ce.

Abu ɗaya kafin ka nufi masu firinta a Terminus: wajen fitar da PDF, zaɓi a mayar da rubutu zane. In ba haka ba, kana iya tarar da akwatinka ya dawo a kan takardar da ka riga ka biya.

Wata Hajiya mai aiki a ofishin safiyo a Bukuru ta ce sabuwar kwamfutarta ta cinya ba ta da maɓallan lamba na gefen dama, Alt da 0176 ya daina ba ta alamar digiri. Ta sayi kibod na waje?

Hajiya, in kina yawan shigar da lambobin awo, ƙaramin kibod na lamba mai USB zai hutar da yatsunki, ba zan hana ki ba. Amma don ° kaɗai bai cancanta ba. A nan ne ma lambar harafi ta fi amfani. A ƙa'idar lakabi ta QGIS, in ginshiƙin lambobinki sunansa "digiri", ki rubuta "digiri" || char(176) sau ɗaya, duk tashoshin da ke shimfiɗar su samu alamarsu, ko ɗari biyar ne. Ta minti 8242 ce, ta sakan 8243, sai ki ga 9°55′ ta fito tsaf kamar yadda ake rubuta latitud ɗin Jos. Ƙaramar 2 ta murabba'in mita 178 ce, alamar naira kuma 8358, ko da wata rana za a ce ki sa kuɗin fili a kan taswirar.