Kwaɗon Kolombiya da guzar Komodo, wa ya fi haɗari?

Malam, ka tambayi wanda ya fi haɗari tsakanin su biyun. Ni dai guzar Komodo nake tsoro. Tana tsibiran Indonesiya, tsawonta kan kai mita 3, kuma farauta take yi: ta ciji barewa ko ɓauna, dafin da ke muƙamuƙinta ya hana jinin tsayawa, dabbar ta galabaita.

Kwaɗon nan rawaya na dajin Kolombiya kuwa tsawonsa wajen santimita 5 ne kawai, ba ya bin kowa. Gubarsa a fata take, amma ta isa ta kashe mutum 10. Maharban ƙabilar Embera kan goga kan kibiya a bayansa. Daga ƙwarin da yake ci yake samun gubar, shi ya sa wanda aka haifa a keji ba shi da ita.