Filin Tambaya da Amsa: Su Wa Suka Riga Ni Zama a Gidan Nan?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan tsofaffin gidaje. Mun miƙa su ga mutum uku: lauya mai aikin filaye, ma'aikacin ma'ajiyar tsofaffin takardu, da magini mai gyaran daɗaɗɗun gine-gine.

Assalamu alaikum. Na sayi wani tsohon gida shekara biyu da suka wuce, kuma takardar da ke hannuna sunan wanda ya sayar mini kaɗai ta nuna. Ina son sanin hannu nawa gidan ya bi kafin ya zo gare ni. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu.

Wa'alaikumus salam, Malam. Daga takardar da ke hannunka za ka fara, ka riƙa ja da baya ciniki bayan ciniki. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ji maƙwabta sun ce "ai gidan wane ne tun asali", sai ya bazama neman wane, ya ɓata wata shida yana bin tarihin gidan da ke kusa da nasa.

Ɗauki farar takarda ka ja layi bakwai: sunan mai sayarwa, sunan mai saye, ranar sa hannu, ranar rajista, lambar kundi da shafi, kwatancen filin, sai kuɗin da aka rubuta. Fara cike su duka daga takardarka. Wanda ya sayar maka, shi ma wata rana mai saye ne, don haka a ofishin rajistar filaye sunansa za ka nema a jerin masu saye na shekarun baya. Idan ka same shi ka sami wanda ya sayar masa, shi ma ka neme shi haka. Galibin takardun da aka rubuta da kyau ma sukan sauƙaƙe maka, don a cikin bayanin filin sukan ambaci lambar takardar da ta gabace su.

Ka fara tambayar wane tsari ofishin ke bi, domin iri biyu ne a duniya. Akwai inda takardun ciniki ake ajiyewa, kai ne za ka ɗinka su da kanka. Akwai kuma inda filin kansa ke da shafi a rajista, tsarin da Robert Torrens ya kawo a Kudancin Ostareliya a 1858, ƙasashe da yawa suka ɗauka. A wannan tsarin abin da za a miƙo maka shi ne sunan mai shi na yanzu, sai ka roƙi a fito maka da tsofaffin shafukan da aka soke. Kada kuma ka ɗauka rajista ta kai tsufan gidan. Ingila ta kafa ofishinta tun 1862, amma sai 1990 rajista ta zama dole a duk faɗin Ingila da Wales, shi ya sa gida mai shekara ɗari biyu zai iya bayyana a rajista kamar jiya aka haife shi. Sauran tarihinsa yana cikin ƙunshin takardun da ke wurin lauyoyi, ko bankin da aka taɓa jinginar da shi, ko akwatin magada.

Layin da za ka fi sa wa ido shi ne kwatancen fili. Suna yakan yi kama da suna, lambar gida takan canja, titi ma a sake masa suna, amma tsawo da faɗi da maƙwabtan iyaka ba sa ƙarya da sauƙi. Duk takardar da ka samu, gwada awonta da na wadda ta biyo bayanta. In faɗin ya tashi daga mita 30 ya koma 15, an raba filin a tsakani, kuma dole ka gano wane rabi ne naka. Attajiri ɗaya zai iya mallakar fuloti biyar a layi ɗaya. Ganin sunansa kaɗai bai isa ba.

Za ka kai inda igiyar za ta tsinke, wato ka ga mutum ya sayar amma babu inda ya saya. Mafi yawan lokaci gado ya ci, sai ka koma takardun kotun da ta raba gadon ko ta tabbatar da wasiyya. In ba haka ba, duba waɗannan: mace ce da sunanta ya canja bayan aure, ko magatakarda ya rubuta sunan da wasu haruffa, ko kotu ce ta yi gwanjon gidan saboda bashi (a nan sunan jami'in kotu ko na banki ne zai fito a matsayin mai sayarwa), ko kuma an ƙirƙiro sabuwar gunduma, tsofaffin kundaye suka zauna a hedikwatar da. Wannan na ƙarshen ya sa mutane da yawa sun haƙura alhali kundin yana nan lafiya lau a wani gari.

Malamai, takarda mafi tsufa da na samu ta gidanmu tana ɗauke da shekarar 1924. Ke nan a shekarar aka gina shi? Daga wata mai karatu.

A'a, Malama. Takardar mallaka fili take bi, kuma sau da yawa ko kallon ginin da ke kai ba ta yi. Mai yiwuwa a 1924 fili ne fetal, mai yiwuwa kuma akwai wani gida da aka rushe daga baya aka ɗora naku.

Takardun dai sukan ba da alama. In an sayi fili da araha, bayan shekara uku aka sayar da ninki biyar ba tare da kuɗi sun faɗi ba, to an yi gini a tsakani. Haka in kika ga an jinginar da filin jim kaɗan bayan saye, ko kimar harajinsa ta yi tsalle a shekara ɗaya. Sai dai ciniki tsakanin 'yan'uwa kuɗin jeka-na-yi-ka ake rubutawa, kada ki gina lissafi a kansa.

Taswira ta fi takarda amfani a nan. Ki nemi guda biyu: ta ƙarshe da ba ta nuna gidan ba, da ta farko da ta nuna shi. Shekarar ginin tana tsakaninsu. Ki duba gefen taswirar da kyau, domin shekarar da safiyo ya auna daban, shekarar da aka buga daban, kuma ta awon ce taki. Wasu ƙasashe sun yi sa'a da irin wannan: Faransa ta fara taswirar fuloti-fuloti ta ƙasa baki ɗaya a 1807, a Amurka kuma taswirorin Sanborn, da aka yi don kamfanonin inshorar gobara, har launi suke sa wa gini, rawaya na katako, ja-ja na bulo, shuɗi na dutse. Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama ma suna yin wannan aikin, ga kuma tsofaffin hotunan Google Earth don shekarun baya-bayan nan.

Daga nan sai ginin kansa. Ki sa a hau cikin rufi da tocila, don nan ne masu gyara ba su cika taɓawa ba. A zaro ƙusa ɗaya daga katakon da ba a taɓa motsawa ba. Ƙusar maƙeri tana da kusurwa huɗu, ta tsuke ta kowane gefe, kanta kuma da sawun guduma. Wadda inji ya yanka daga faifan ƙarfe ta gefe biyu kawai take tsukewa, ita ce ta yi tashe a ƙarni na 19. Zagayayyar ƙusar waya da kowa ya sani sai wajen 1890 ta mamaye kasuwa. A duba sawun zarto ma: layuka masu lanƙwasa kamar baka na zarto mai juyawa ne, karkatattun layuka marasa tsari kuwa aikin hannu ne. Siminti irin na yau a 1824 Joseph Aspdin ya yi masa rajista, kwanon rufi mai tudu da kwari kuma a 1829 aka yi masa tasa rajistar, gilashin taga mai santsi sumul kuwa sai 1959 kamfanin Pilkington ya bayyana hanyar yin sa, shi ya sa tsohon gilashi ke lanƙwasa abin da ke bayansa in kika motsa kai.

Waɗannan shekarun iyaka ɗaya kawai suke ba ki: gini ba zai girmi kayan da aka gina shi da su ba. Amma kaya sukan ɗauki shekaru da yawa kafin su isa wani wuri, magina kuma sukan sake amfani da tsohon katako da tsohuwar ƙofa. Ƙusar maƙeri a gida ba ta tabbatar da tsufansa, ƙusar waya a ainihin ginshiƙin rufi kuwa ta tabbatar da ƙuruciyarsa.

Ki zagaya bango ta waje. Inda kika ga layi miƙe daga sama zuwa ƙasa, bulo bai shiga cikin bulo ba, ƙari ne aka yi daga baya. Galibin tsofaffin gidaje ba su da shekara ɗaya, uku ko huɗu gare su. Akwai kuma ƙidayar zoben katako, inda ƙwararre ke huda katako ya zaro siririn sanda kamar fensir ya gwada da jadawalin yankin. Tana iya faɗin shekarar da aka sare itacen in ɓawon gefe yana nan kuma zoben sun kai hamsin ko fiye, amma ba ta aiki a itacen da ba ya yin zobe a fili kowace shekara, dangin dabino da kwakwa kuwa ba su da zoben sam. In za a kankare fenti don ƙirga sau nawa aka shafa, a jiƙa wurin a rufe hanci, don tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Tsohon silin na asbestos kuma kada a fasa shi ko a huda.

Na haɗa sunayen masu gidan har bakwai, amma wata tsohuwa a layinmu ta ce ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Wa zan gaskata? Daga wani mai karatu.

Ka gaskata su duka, Malam. Mai gida daban, mazaunin gida daban. Mutum zai riƙe gida shekara talatin bai taɓa kwana a ciki ba, 'yan haya ne ke shiga suna fita, kuma su tsohuwar ta sani.

Mazauna a wasu takardun suke: rajistar masu zaɓe, kundin hukumar ruwa da ta lantarki, rasiɗan haya, tsofaffin littattafan tarho, sanarwar rasuwa da tallan gwanjo a jaridu. Mafi daɗinsu takardun ƙidaya, don sukan jera kowa da shekarunsa da sana'arsa, har ɗan aiki da baƙon da ya kwana. Sai dai ana rufe su na tsawon lokaci. Amurka shekara 72 take jira, ta buɗe na 1950 a 2022. Ingila da Wales shekara 100, sun buɗe na 1921 a 2022. Giɓi ma ba ya ƙarewa: gobara ta lalata yawancin na Amurka na 1890, ta cinye na Ingila da Wales na 1931 ƙurmus a 1942. Inda mai ƙidaya bai rubuta lambar gida ba, bi shi ƙofa-ƙofa: nemo maƙwabcin dama da na hagu da ka riga ka tabbatar, wanda ke tsakiya shi ne naka.

Koma wurin tsohuwar da littafi. Kada ka karanta mata sunayenka, don mutum yakan amsa da "haka ne" saboda kara. Ka bar ta ta faɗi nata. Kada ka tambaye ta shekara. Tambaye ta ko ta yi aure lokacin, ɗanta na fari ya fara tafiya ko bai fara ba, an kawo lantarki ko ba a kawo ba. Sannan ka sami wani dattijon ka tambaye shi shi kaɗai, ba a gabanta ba. Abin da bakinsu ya haɗu a kai, ka rubuta da biro, sauran da fensir. In binciken ya kai ka ga mutanen da ke raye, ka nemi izininsu kafin ka wallafa sunansu.

A binciken da nake yi na ga akwai shekara goma sha ɗaya da ban san a hannun wa gidan yake ba. Wani zai iya zuwa ya ƙwace mini? Daga wani mai karatu.

Giɓi a tarihi ba lallai ya zama giɓi a mallaka ba, Malam. Doka ba ta cika neman a koma har ranar da aka yanka filin ba. A Ingila, alal misali, ga filin da ba shi da rajista, takardar tushe, wato tsohuwar takardar cinikin da ake fara bin mallaka daga kanta, in ta kai shekara 15 ta wadatar wa mai saye. Kowace ƙasa da nata wa'adin. Abin dubawa shi ne inda giɓin ya faɗo. In can baya ne, shekara tamanin, da wuya ya tashi. In kusa ne, musamman bayan rasuwar wani mai gidan, to a nan gizo ke saƙa: wataƙila magaji ɗaya ya sayar ba da sa hannun sauran ba, ko akwai jinginar da ba a rubuta an fanshe ba. Wannan kai wa lauya za ka yi, da jadawali mai layi bakwai irin na amsar farko, ya nemi binciken rajista a hukumance.

Muna gyaran rufi muka tsinci ƙunshin wasiƙu da rasiɗai. Yaya zan adana su? Daga wata mai karatu.

Kafin komai, Hajiya, ki ɗauki hoton inda aka same su, ki rubuta wane ɗaki ne, kuma kada ki hargitsa jerinsu, don yadda aka ɗaure su ma bayani ne. Ki cire roba da allurar maƙala takarda, suna cin takarda da tsatsa. Wadda ta bushe ta ƙi buɗuwa kada ki tilasta mata, za ta karye a kan lanƙwasar. Ban da salatif, ban da lamineshin: gam ɗin salatif yakan bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita, zafin lamineshin kuma ba a warware shi. Ki ɗauki hoton kowace gaba da baya, har ambulan, domin hatimin gidan waya yana ɗauke da rana da gari, adireshin kuma yana nuna wa ke zaune a gidan a ranar. Sannan ki shimfiɗa su a kwance cikin fayil na takarda marar asid, a ɗakin da mutane ke kwana, nesa da rana da bangon da ke tsattsafo.