Amsa: wane wuri za a fara tsaftacewa in kuɗin bai isa ba?

Malam, ka ce in kasafin ya gaza ina gwamnati za ta fara tsaftace wuraren da gubar dalma ta gurɓata, ni dai a ganina inda gubar ke shiga jikin yara nan ne farko. Duba Zamfara a 2010, gubar dalma ta kashe yara sama da 400, amma ƙauyen Bagega da ke jihar sai 2013 aka saki kuɗin kankare ƙasar da gubar ta gurɓata, kuma likitoci ba sa fara magani sai an kwashe ƙasar don yaron zai koma gida ya sake kwasar gubar. To nan Zariya ma haka, jujin da ake watsa matattun batura kusa da rijiya ko bakin rafin Kubanni inda ake ban ruwan latas shi ya fi gaggawa wallahi, na bayan gari ya jira bajet na gaba.