Kafin ki shiga adabin Punjabi, ki koyi rubutunsa biyu

Ƙanwata, kin tambaya ko mai digirin farko a adabi zai iya zama malamin jami'a a fannin kwatanta adabi, ya riƙe tarihin adabin Punjabi a matsayin gonarsa. Zai iya, hanyar da na bi ke nan. Sai dai ki sani tun yanzu, harshen ɗaya ne amma rubutunsa biyu: Gurmukhi a Indiya, Shahmukhi a Pakistan, wanda aka gina kan haruffan Larabci da Farisanci.

Ni da Gurmukhi kaɗai na fara, na shekara ina ganin na kama hanya. Ranar da malamina ya ajiye mini tsohon bugun ƙissar Heer, wadda Waris Shah ya rubuta a 1766, sai na ga haruffa irin na allo a gabana. Ajamin da na koya ina yaro ya taimake ni, amma bai wadatar ba. Namu ana yi masa wasali, nasu galibi babu, sai ka san kalmar kafin ka iya furta ta. Wata shida na yi ina kame-kame.

Wahalar ta cancanta. Baba Farid, sufin ƙarni na 13 na garin Pakpattan da ke Pakistan a yau, baitocin da ake danganta masa suna cikin littafin ibadar mabiya Sikh, wanda aka haɗa a 1604 da Gurmukhi. Bulleh Shah kuwa, wani sufin mawaƙi, a garin Kasur yake kwance, ɓangaren Pakistan. Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta tsaga ƙasar Punjab gida biyu, kuma abin yana mini ciwo idan na ga ɗalibi ya karanta gefe guda yana zaton ya ga duka. Ki ƙara da Farisanci ko kaɗan ne, don shi ne harshen fada har zamanin sarkin Punjab Ranjit Singh.

Wurin karatu akwai: Jami'ar Punjabi ta Patiala da aka kafa a 1962, da Jami'ar Punjab ta Lahore. Jami'ar Jadavpur da ke Kolkata tana da sashen kwatanta adabi tun 1956.

Batun aiki ne sai kin yi haƙuri, gurbin koyar da Punjabi zalla bai da yawa a wajen yankin. Ni abin da ya buɗe mini ƙofa shi ne na jera waƙoƙin sufayen Punjab da waƙoƙin wa'azin Nana Asma'u, na duba yadda kowanne ya ɗauko ilimi daga harshen malamai ya kai shi harshen da ake yi a gida. Idan kina da ajami, ki fara da Shahmukhi, ki kama Gurmukhi a zango na biyu.