Amsoshin Tambayoyinku: Kafin a Sayar da Gona a Tafi Indiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu na fama da ciwon ƙoda, sau biyu a mako ake yi masa wankin ƙoda a Kano, kuma likita ya ce dashe ne mafita. Wani ejan ya ce mana Indiya ta fi araha, mu ba shi kuɗi ya shirya komai, har wanda zai ba da ƙodar zai samo mana. Muna shirin sayar da gona. Ina mafita? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne.

'Yar'uwa, maganar samo mai ba da ƙoda ita ta fi tayar mini da hankali. Ku rabu da wannan ejan. Dokar Indiya ta 1994 ta haramta cinikin sassan jiki, haka ma dokar lafiya ta Najeriya ta 2014. A Indiya ana so mai bayarwa ya zama ɗan'uwa na jini ko abokin aure, kuma idan baƙi ne sai wani kwamiti ya zauna ya duba takardun dangantaka kafin a taɓa majinyaci. Masar ma, tun 2010, ta hana ɗan ƙasarta ya bai wa baƙo, sai a tsakanin iyali kamar ma'aurata. Kin dai ji yadda kotu a Landan ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu a 2023 a kan irin wannan lamari.

Sai batun araha. Gaskiya ne aikin ya fi sauƙi a Indiya a kan Ingila ko Amurka, amma farashin da ejan ke faɗa na tiyata ne kawai. Ki ɗauki biro ki lissafa: tikitin mutum uku, wato Baba, mai bayarwa da mai jinya, masauki da abinci na wata biyu ko fiye, domin ba a sallamar mai dashe ya hau jirgi washegari, sai gwaje-gwajen da za su sake yi ko da kun je da na gida. Yawanci da kuɗin waje ake biya, kin kuwa san yadda naira ta koma tun 2023.

Abin da aka fi mantawa shi ne bayan an dawo. Maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, irin su tacrolimus, har ƙarshen rayuwa ake shan sa, ba fashi. Na taɓa ziyartar wani maƙwabcinmu wata takwas da dawowarsa. Ya zazzage mini leda a kan tabarma, duk kwalayen magani ne babu komai a ciki, matarsa tana gefe tana share hawaye. An sayar da komai domin tafiya, ba a bar na magani ba.

Don haka ku fara zama da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake dashen ƙoda tun 2002, ku ji nasu lissafin. Idan tafiyar ce dai ta kama, likitan Baba ya rubuta rahoto, ku aika wa asibiti biyu ko uku da kanku, su ba ku ƙiyasin kuɗi a rubuce da takardar gayyata. Da ita ake neman bizar jinya. Kuɗi a asusun asibiti za ku zuba, kada ku danƙa a hannun mutum. Ku yi allurar rigakafin shawara aƙalla kwana 10 kafin tashi, don idan babu katin shaidar allurar ana iya killace mutum a can.

Tambaya: Malam, Hajiyarmu gwiwa ta hana ta sallah a tsaye. Ƙawayenta sun ce Alƙahira kawai. Mu kai ta? Daga wani ɗan'uwa a Gusau.

Amsa: Allah Ya saka maka da alheri da kula da mahaifiya. Ka fara kai Hajiya Asibitin Ƙashi na Dala a ɗauki hoton gwiwar. Sau da yawa magani, gashi da rage nauyi suna wadatarwa. Idan an ce sai an sauya gwiwar, ka tambayi wanda zai riƙa yi mata gashi da motsa ƙafa na watanni bayan aikin, domin ko a Alƙahira aka yi, wannan ɓangaren a gida za a yi shi.