Na saka wa mutum kik na tashlih na ce masa sabo ne, ya hukuncin kuɗin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni bakanike ne a nan Jidda, ina aiki a wani gareji a sina'iyya, wato unguwar garejoji da masana'antu, shekara 6 kenan. Wani bawan Allah ɗan'uwanmu Bahaushe ya kawo min tsohuwar Camry ɗinsa, wai da safe in ya murza makulli sai ta yi "tak" ta yi shiru, na duba na ce masa kik ne ya mutu, wato abin da ke tayar da injin, wanda Larabawan nan ke ce wa silf. Ya ba ni riyal 900 yace in sayo sabo na asali in ɗaura, kuɗin aikina daban riyal 150. Ni kuma sai na wuce tashlih na Biriman, wato inda ake kwance motocin da suka lalace a sayar da kayansu, na samu na wata mota da ta yi haɗari a riyal 250, na canza masa burushi da riyal 30, na wanke shi da fetur na goge ya yi fes, na ɗaura na ce masa sabo ne. Wallahi Malam mota bugu ɗaya take tashi, wata 4 kenan bai dawo da ƙorafi ba. Ragowar kuɗin na tura gida. Tsohon kik ɗinsa kuma ya bar shi a gareji bai tambaya ba, na gyara na sayar riyal 120. Abokan aikina sun ce kowa haka yake yi tunda mota ta tashi shikenan, amma ni raina bai kwanta ba. Ya hukuncin yake?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya, wannan rashin kwanciyar ran da kake ji alheri ne a gare ka, kar ka bari abokan aiki su kashe maka shi.

Bari in fara cire maka wani abu daga cikin lissafi. Saka kik na tashlih a mota ba laifi bane ko kaɗan, halal ne, kuma sau da yawa ma na tashlih ɗin in na kamfanin Denso ne da aka ciro daga mota irinta ya fi wani sabon na kwali da ba a san inda aka ƙera shi ba. Da ka ce masa "ɗan'uwa akwai na tashlih mai kyau, zan gyara shi in saka maka a kaza" ya yarda, ko riyal 600 ka sayar masa kuɗinka ne halal ɗinka. Matsalar tana wurin kalma ɗaya da ka faɗa, wato "sabo ne", da kuma matsayin da kake a kai lokacin da ka karɓi riyal 900 ɗin nan.

Kaga mutumin nan bai sayi kik a hannunka ba, aikenka ya yi. Ya ba ka kuɗi yace je ka sayo min abu kaza mai siffa kaza, wannan a fiƙihu sunansa wakala, kai wakili ne, kuɗin kuma amana ce a hannunka har sai sun tafi inda mai su yace su tafi. Wakili ba ya cin ragowa sai da sanin wanda ya wakilta shi. Dubi hadisin Urwatul Bariƙi da Bukhari ya ruwaito, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ba shi dinari ɗaya ya sayo masa akuya, sai ya sayi guda biyu da dinarin, ya sayar da ɗaya a dinari, ya dawo da akuya da dinari gaba ɗaya ya miƙa, Annabi ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Toh kaga shi wayonsa da iya cinikinsa ne suka jawo ribar amma bai sa dinarin a aljihu ba, kuma shi abin da aka aike shi ya kawo. Kai kuwa ba ka ma kawo abin da aka aike ka ba, an ce sabo ka kawo tsoho. Saboda haka riyal 620 ɗin nan ba naka bane, Allah yana cewa a Suratun Nisa'i aya ta 29 kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna sai dai ya zama ciniki ne da yardarku, shi kuwa yardar da ya yi a kan sabo ya yi ta.

Sai maganar wankewa da fetur da gogewa. Wanke kik kafin a ɗaura gyara ne mai kyau, amma in niyyar ita ce ya leƙa ƙarƙashin bonet ya ga abu yana ƙyalli ya ɗauka daga kwali ya fito, toh wannan shi ne algus ɗin da aka hana. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya wuce wani mai sayar da abinci a tsibi, ya tura hannunsa ciki sai yatsunsa suka ji danshi, mai abincin yace ruwan sama ne ya taɓa shi, Annabi yace me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Kik ma ya fi tsibin abinci ɓuya, yana can ƙasa a manne da giyabos inda haƙoransa ke kama filawil, mai mota ba zai taɓa kwance shi ya duba cikinsa ba, maganarka kawai yake da ita. Mu da muka tashi da karatun Risala ta Ibnu Abi Zaid mun san a babin ciniki ya jero su a fili, tadlisi, wato nuna kaya da siffar da ba tasu ba, da algus da yaudara da ɓoye aibi duk ba su halatta.

Maganar abokan aikinka ta "tunda mota ta tashi" ba hujja ba ce. Da ya san na tashlih ne da riyal 900 zai bayar? Kai ma ka san amsa. Kuma kik ɗin da ka canza wa burushi kawai, sulunoyid ɗinsa da bendis ɗinsa da bushin duk tsofaffi ne, sun riga sun ci rabin rayuwarsu a wata motar, wata 4 ba ya nuna komai. Ran da zai tsaya masa wataƙila a hanyar Madina ne da iyali a cikin mota da tsakar rana, kuma motar atomatik ba a tura ta ta tashi.

Abin da ya wajaba a kanka yanzu, ka tuba ga Allah sannan ka neme shi ka faɗa masa gaskiya. Wasu za su ce maka ka mayar masa da kuɗin ta wata hanya ba sai ya sani ba, a wasu haƙƙoƙin wannan yana isarwa idan ana tsoron fitina, amma a nan ni ban ga ya isa ba, domin mutumin yana yawo da imanin kik ɗinsa sabo ne, gobe zai iya sayar da motar ya rantse wa mai saye cewa sabon silf na asali ya saka mata, ka ga ƙaryarka ta haihu a bakin wanda bai ji ba bai gani ba. In ka faɗa masa zaɓi nasa ne. Ko yace ka ciro naka ka saka masa sabon da ya biya, sai ka yi ba tare da ka sake cajinsa kuɗin aiki ba, ko yace ya yarda da na tashlih ɗin sai ka mayar masa da 620, ko ya yafe maka duka ko wani sashi da daɗin ransa ba da jin kunya ba. In ba ka da kuɗin a hannu ku yi yarjejeniya ka riƙa biya kaɗan kaɗan. Riyal 150 na aikinka kuwa in ya zaɓi barin kik ɗin a motar naka ne, ka cire batir ka kwance ka ɗaura, gumi ka yi. In kuma ka neme shi iya ƙoƙarinka ka rasa shi, lambarsa ba ta shiga ko ya koma gida ba labari, sai ka yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan nasa ne, in ya ɓullo daga baya ka ba shi labari ya zaɓa.

Tsohon kik ɗin shi ma nasa ne, cire shi daga mota bai fitar da shi daga mallakarsa ba. Na san a gareji da yawa mutane suna barin tsohon kaya su tafi kuma an saba ɗaukar haka a matsayin sun bar shi, al'ada tana aiki a irin wannan idan abin ba shi da wata daraja kamar tsohon filta ko fulogi. Amma abin da ka sayar riyal 120 ba shara bane, kuma shi ya bar shi ne saboda kai ka ce masa ya mutu. A nan ma zan tambaye ka tsakaninka da Allah, tunda ya gyaru har ka sayar, ashe ba gyara kawai yake buƙata ba tun farko? Wannan "tak" ɗin da mota ke yi ta yi shiru sau da yawa batir ne ya yi sanyi ko kan batir ya yi gishiri ko waya ta saki ko burushi ya cinye, in ka san ƙaramin gyara zai tashe shi ka ce masa sai an canza, wannan wani ha'incin ne daban da za ka haɗa a cikin tuban. Ka cire abin da ka kashe wajen gyaran tsohon ka ba shi sauran, ko ka nemi ya bar maka.

Kuma ka sani ko a dokar ƙasar nan algus a kasuwanci laifi ne da hukuncinsa ke kaiwa tarar riyal miliyan 1 da ɗaurin shekara 3, kai kuma baƙo ne mai iƙama, wato takardar izinin zama, iyalinka a gida da wannan aikin suke ci.

Nan gaba in mota ta zo, ka fito da kik ɗin a gabansa ka ce ga sabo na asali kuɗinsa kaza, ga na tashlih kaza, ga kuma gyaran naka kaza, ya zaɓa da bakinsa, in kai za ka sayo ka sayar masa da ribarka ka faɗa masa tun kafin ya miƙo kuɗi, in aike ne ka kawo masa fatura, wato rasit, da canjinsa, tsohon kuma ka saka masa a but.

Wallahu a'alamu.