Amsa ga mai tambaya kan laftof ɗin i7 da aikin zanen gini

Assalamu alaikum 'yan gurup. To ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce an kawo maka HP EliteBook 840 G3 ta hannu, an ce maka i7 ce (wato rukunin furosesa, ƙwaƙwalwar injin), kana tambaya ko za ta ɗauki manhajojin AutoCAD (ta zana taswira) da Lumion (ta fitar da hoton gini kamar na gaske) saboda karatunka na zanen gini. Ka dakata tukuna, kar ka ba da kuɗin.

Wannan rubutun i7 ɗin shi ne yake cin jikkunan yaranmu a nan Damagaram, wallahi abin yana damuna. Lambar da ke bin bayansa ita za ka duba. Taka 6600U ce, ta 2015 ke nan, kuma leburori biyu ne kacal a cikin furosesar, wato core, sassan da ke raba aikin. Ɗauki i5 8250U ta 2017, ita leburori huɗu gare ta. Ka ga i5 ɗin nan ta fi i7 ɗinka ƙarfi nesa ba kusa ba, ka gane ko? Harafin U ɗin ma yana da ma'ana: an yi ta ne don tattalin batir, wajen wat 15 take ci. Masu harafin H su ne na aikin ƙarfi, su kan kai wat 45.

Sai maganar girafik. Injin nan ba shi da katin girafik nasa daban, HD 520 ne a cikin furosesa, kuma ba shi da rumbun kansa, RAM ɗinka, wato rumbun da injin ke ajiye aikin da yake kai, yake ara. Shi ya sa in giga 8 gare ka, ba duka ne naka ba. AutoCAD na zanen fili, irin taswirar gida, ɗakuna, ƙofofi, zai yi maka shi lafiya lau, musamman in akwai SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri. In ka sa RAM guda biyu masu girma ɗaya, 8 da 8, za ka ga bambanci da idonka, don hanya biyu girafik ɗin zai riƙa ɗiba maimakon ɗaya. Wannan dabarar da yawa ba su san ta ba, ga ta kuma da araha.

Amma Lumion, a'a. Cire ranka. Kati yake so na gaske, irin NVIDIA mai rumbun kansa. Ko ya buɗe ma, hoto zai riƙa tsinkewa har ka gaji ka rufe.

Ga kuma zafinmu. Watan huɗu da na biyar rana ta haura 40, ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. Da furosesa ta kusa digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone, kai kuma ka ce injin ya lalace. A buɗe a share, a sake man da ke kan furosesa, kuma kar a ɗora ta bisa katifa.

Af, na manta. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoba 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na 8 take farawa, taka kuwa zubi na 6 ce (lambar farko ta 6600U ita ke nuna zubin furosesa).

Ni dai in ɗan cikina ne, 840 G5 zan nema masa ko ThinkPad T480 mai furosesa zubi na 8, ya yi zanensa a kai, ranar aikin Lumion ya roƙi abokin da ke da babban inji. Kafin ka koma wajen mai kayan, ɗauko mini hoton shafin bayanan injin ka turo nan, in ga RAM nawa ne a ciki.